Waƙa ta Uku a Faifan Ustaz Wagdi

Jawabin da Rudaina Isam, ɗalibar aji biyu, ta gabatar a madadin ɗalibai ranar Alhamis, a taron cika kwana arba'in da rasuwar Ustaz Wagdi Sarhan, malamin kimiyya, a zauren makarantar sakandaren 'yan mata da ke unguwar Muharram Bey, Iskandariyya.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Mai girma wakilin ofishin ilimi na gunduma, shugabar makarantarmu Abla Busaina el-Gindi da mataimakanta, shugaban kwamitin iyaye, malamanmu maza da mata, uwarmu Tant Ulfat, matar marigayi, yayarsa Hajja Ni'mat, ɗansa Injiniya Tamir, tsofaffin ɗalibai da suka baro ofisoshinsu da 'ya'yansu suka zo, 'yan'uwana ɗalibai. Sai kuma mutum ɗaya wadda sunanta ba ya cikin takardar da aka ba ni, ga ta can baya kusa da ƙofa riƙe da tiren gahawa: Dada Atiyat, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ku yi mini haƙuri idan muryata ta yi ƙasa. Shekarata ta biyu ke nan a makarantar nan, amma akwai malaman da yau ne za su fara jin ta. Abla ta ce an zaɓe ni ne saboda na fi kowa maki a darasin Ustaz. Akwai wani dalilin kuma da ya sa dole ni ce zan tsaya a nan, wanda Abla ba ta sani ba. Ba abin alfahari ba ne, kuma zan faɗe shi kafin in sauka.

Har yau ba mu yarda ba. Kwana arba'in ke nan, amma idan ƙararrawar darasi na uku ta kaɗa, muna juyawa mu kalli ƙofa. Sabon malami yana shigowa, mutumin kirki ne, muna miƙewa mu gaishe shi, amma sai ka ga aji duka yana leƙen bayansa, kamar akwai wanda ya tsaya a baranda yana ƙarasa shayinsa. Wata huɗu ya rage ya yi ritaya. Mun riga mun fara shawarar abin da za mu rubuta masa a kati. Bai yi jinya ba, bai ce kansa na ciwo ba, bai yi mana sallama ba.

Waɗanda ba sa nan a ranar, ga yadda abin ya faru. Lahadi ce da safe, muna kan layi a fili, mu wajen ɗari shida. Lasifika ta fara kukan nan nata. Kamar kullum, Ustaz ya hau matakala da sukudireba a hannu don ya gyara ta. Ya kai mataki na huɗu, sai ya dafe ƙirjinsa, ya jingina da bango, ya sulale a hankali ya zauna.

Muka yi dariya.

Dole in faɗi wannan, domin kowace ɗaya daga cikinmu tana ɗauke da shi ita kaɗai. Mun yi dariya ne saboda haka yake yi. Duk lokacin da wata ta ba da amsar da ba ta kan hanya, sai ya dafe ƙirji, ya jingina da allo, ya ce: "Shi ke nan, kun kashe ni. Ku kira Ulfat ta zo ta kwashi mijinta." Sau ɗari mun ga wannan. Mun ɗauka lasifikar yake yi wa tsiya. Mutum ɗaya ce a duk filin ba ta yi dariya ba. Dada Atiyat ta saki bokitinta, ruwa ya malale, ta ratsa layi da gudu tana kiran sunansa. Sai a lokacin filin ya yi tsit. Ban san tsawon dariyar ba. Wasu sun ce ba ta kai a ƙirga goma ba. Ni dai har yanzu ina jin ta.

Tant Ulfat, ki yafe mana. Abin da ya koya mana mu yi wa dariya shi muka yi wa dariya.

Ya kasance malami shekara talatin da biyar, ashirin da takwas daga ciki a wannan makarantar. Akwai iyaye mata a zauren nan da ya koyar, ya kuma koyar da 'ya'yansu, kuma yana tuna kuskuren uwa ya tsokani 'yar da shi.

Ya kasance duk ranar Asabar yana buɗe ɗakin gwaje-gwaje ga duk yarinyar da ba a iya ɗaukar mata malamin gida ba. Ba ya rubuta sunan kowa, ba ya tambayar me ya kawo ki. Abin da yake tambaya kawai shi ne: "Kin karya?"

Ya kasance idan ruwan hunturu ya cika titin gaban makaranta, yana naɗe ƙafar wandonsa, ya jera duwatsu, ya tsaya a cikin ruwa har sai 'yar aji ɗaya ta ƙarshe ta tsallaka. Ya kasance mai gyaran rediyon duk unguwa, da fankar ofishin Abla, da wannan lasifikar da nake magana a cikinta. Idan ta yi kuka yau, ku yi haƙuri, babu mai hawa.

Kuma ya kasance yana da faifai.

Duk wadda ta zauna a ajinsa ta san faifan. Baƙin faifan garmaho ne, babba, a cikin kwalin da launinsa ya koɗe, an ɗaure kusurwoyinsa da filastar kemis. Waƙoƙi goma sha biyu ne na kiɗan rok, kowace daga ƙungiyarta daban, 'yan Ingila da 'yan Amurka, aka tattara su wuri ɗaya. A saman kwalin akwai rubutun yaro da biro: "Na Wagdi ne, ɗan aji huɗu. Kada a taɓa." Mahaifinsa kuku ne a jirgin ruwan kaya. Ya saya masa shi a wata tasha a ƙetare lokacin yana ɗan shekara tara, domin mai kantin ya ce masa abin da yara ke so ke nan. Tsohon ya ɗauka waƙoƙin yara ne. Ustaz ya ce ranar da aka fara sa shi, mahaifiyarsa ta ruga ta rufe tagogi, kada maƙwabta su ɗauka ana dambe a gidan.

Shekara hamsin yana tare da shi. Ya ce a bakin waɗannan mutanen ya koyi Turanci, malamar Turancinmu kuma ta ce shi ya sa duk Turancinsa ihu ne. Sau ɗaya a shekara, idan an zo darasin sauti, yake ciro shi daga kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje. Sai ya sa mu zagaye tebur, ya ba mu gilashin ƙara girma mu duba siraran ramukan da ke jikinsa.

"Hannu a baya," yake cewa. "Ido kawai na gayyata."

Daga nan sai ya juya gefe na biyu, ya ɗora allura a kan waƙa ɗaya tak, minti uku. Ganguna su tashi, jita ta shigo, tagogi su yi rawa. Shi kuma ya rufe ido, yana buga ƙafa, kamar ba mai furfura ba. Idan ta ƙare sai ya ce: "Babu aljani a ciki. Allura ce ke rawa a cikin rami, iska ta ɗauko ta kawo kunnenku. Mutanen nan wasu sun mutu, amma rawar tana nan." Ba mu taɓa jin gefe na ɗaya ba. Ba wadda ta taɓa tambayar dalili.

Daga nan zan ajiye takardar da malamin Larabci ya duba mini. Ustaz na Larabci, ka yi haƙuri, abin da ya biyo baya babu jan biro a kansa.

Ranar Alhamis ta ƙarshe, Ustaz Wagdi ya kira ni gaban allo. Na san amsar. Na buɗe baki, ba ta fito ba. Na tsaya a nan har ya ce in koma. Da aka tashi, sai ya tare ni a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje.

"Rudaina, tsaya. Ke kam sauro ya fi ki murya."

"Na'am, Ustaz."

"Me kika ce?"

"Na ce na'am."

"Na ga bakinki ya motsa, zan ɗauka hakan ne. Akwai garmaho a gidanku?"

"Akwai na kakana. An rufe shi da leshi, an ɗora masa furanni."

"Na kowa haka yake. Ki sauke furannin. Ungo."

Ya miƙo mini faifan. Wanda ko Abla ba ta taɓa riƙewa ba. Na sa hannuwana a baya, don abin da aka koya mana ke nan.

"Yau na gayyaci hannun," ya ce. "Mutanen nan ba su fi ki sanin komai ba. Rabinsu ko makaranta ba su gama ba. Amma sun buɗe baki, ga shi shekara hamsin ana jin su. Ki saurare su Juma'a da Asabar, ki dawo mini da su Lahadi. Sannan ki ji, a cikin kwalin akwai wani..."

Ban tsaya ba. Kunya ta riga ta cika mini kunne. Na ce na gode, na rungume faifan, na sauka matakala da gudu. Na ji yana cewa, "Ke, tsaya mana," yana dariya. Ban juyo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci babana ya share garmahon, ya samu ya tashi. Da na zaro faifan, wani abu ya faɗo ƙasa ya gangara ƙarƙashin kujera. Maɓallin riga ne, na tagulla, mai nauyi, da hoton ƙugiyar jirgin ruwa a jikinsa. Mamata ta ɗauka ta juya shi.

"Na wane ne?"

"Ban sani ba. Wataƙila faɗawa ya yi ciki."

Ta jefa shi cikin gwangwanin biskit ɗin da take ajiye zare da allura.

Na sa gefe na ɗaya. Waƙa ta farko ta tashi, mamata ta leƙo daga kicin ta ce, "Waɗannan dukan su ake yi?" Babana ya ce ba ya son hayaniya, amma na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi. A waƙa ta biyu wani abu ya same ni. Ban san kalmomin ba, amma da suka ɗaga murya na ɗaga tare da su. Na yi ihu a falon gidanmu. Mamata ta fito da ludayi a hannu tana kallona kamar baƙuwa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan minti ukun ba.

Sai waƙa ta uku. A hankali take farawa, jita ɗaya kawai. Mutumin yana waƙa ƙasa-ƙasa, sannan ya ja numfashi zai ɗaga murya, sai allurar ta yi tsalle ta koma baya. Ya sake jan numfashi, ta sake komawa. Haka, haka, ba ya wucewa. Na ɗaga faifan a hasken taga, sai na ga tabo, dogon karce, ya ratsa ramukan. Ni ce kuwa na ɗora allurar da hannuna. Na ce shi ke nan, abin da ya tsira shekara hamsin, na lalata shi a wuni ɗaya.

Sau shida na sake gwadawa. Daga ƙarshe na yi abin da duk ɗan gidanmu yake yi wa abin da ya lalace. Na ɗauko kwalbar turaren lemon nan da kakata ke shafa wa komai, daga ciwon kai har gilashin talabijin, na jiƙa auduga na goge tabon. Bai gyaru ba. Ya dai yi ƙamshi.

Ranar Lahadi na naɗe shi a cikin rigar sanyi na sa a jaka. Duk hanya ina maimaita abin da zan ce. Na same shi a bakin ƙofar makaranta, yana cin burodi da wake a takarda.

"To, mai ihu," ya ce. "Yaya mutanena?"

Na ce: "Na manta shi a gida, Ustaz."

Yana cikin jakata. Ina jin kusurwarsa tana tokarar bayana.

Ya dube ni, ya dubi jakar, ya goge baki. "Ba komai, ki kawo gobe. Amma kin kai waƙa ta uku?"

Na sunkuyar da kai na wuce. Bayan minti ashirin lasifika ta fara kuka.

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na yi da shi a duniya, kuma ƙarya ce.

Da a nan abin ya tsaya, da tsakanina da Allah ne. Amma bayan mako ɗaya Injiniya Tamir ya zo kwashe kayan mahaifinsa, ya buɗe kabad, babu faifai. Ya ce mahaifiyarsa ba ta roƙi komai ba sai shi. Aka duba ko'ina. Sai wani ya tuna cewa Dada Atiyat takan tara tsofaffin takardu ta ba mai sayen tarkace. Ba wanda ya ce sata. An dai ce wataƙila ya bi takardu. Aka kira ta ofis. Ina tsaye a baranda da rajistar aji a hannu, ƙofa a buɗe, ga malamai, ga wasu iyaye.

"Abla," ta ce, "shekara ashirin da biyu ina share ɗakin nan. Ko guntun alli ban taɓa kai wa jikokina ba. Faifan da yake hana ni ko hure masa ƙura, shi zan haɗa da takardu?"

"Ba wanda ya ce kin ɗauka, Atiyat. Ki dai ajiye makullan har a gano."

Na ji ƙarar makullan a kan tebur. Ba laifin Abla ba ne, da abin da ta sani ta yi aiki. Mutum ɗaya ce ta san inda faifan yake, tana tsaye taku biyar daga ƙofar, ta kuma yi shiru. Na ce a raina gobe zan faɗa. Amma idan na faɗa, dole in faɗi tabon, in faɗi ƙaryar. Gobe ta zama kwana talatin da biyu. Aka mayar da Dada shara a fili da wankin kofuna. Kullum da safe idan na wuce ta sai ta ce: "Sannu 'yata. Kin rame. Mutuwar Ustaz ce ko? Ungo, sa wannan a bakinki." Ta ba ni alewa daga aljihunta. Ina karɓa.

Da Abla ta zaɓe ni in yi wannan jawabi, na zauna na rubuta. Na rubuta cewa ya koya mana gaskiya. Malamin Larabci ya sa wa jimlar alamar yabo. Jiya bayan na dawo gida na tsaya gaban madubi in gwada karantawa, da na zo wurin sai muryar ta ɗauke gaba ɗaya. Na ciro faifan daga ƙarƙashin katifa na kai wa mamata, na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwance ɗankwalin girki ta ce: "Sa takalmi."

Bayan la'asar muka hau bene na uku gidan Tant Ulfat. Karatun Alƙur'ani yana tashi a hankali a rediyo. Ita da Hajja Ni'mat suna zaune cikin baƙaƙen kaya. Na ajiye faifan a kan tebur, na faɗi abin da na faɗa muku yanzu, ina kallon dardumar ƙasa. Tant ta ɗauki kwalin ta riƙe a ƙirji ta daɗe. Sannan ta zaro faifan, ta kai shi hanci.

"Wa ya yi masa wanka da turare?"

"Ni ce, Tant."

Hajja Ni'mat ta gyara tabarau. "Kika ce tsalle yake yi. A waƙa ta nawa?"

"Ta uku."

"Daidai inda mutumin ke jan numfashi?"

"E, Hajja."

Ita da Tant suka dubi juna. Sai Hajja Ni'mat ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya koma dariya, har sai da mamata ta miƙa mata ruwa.

"Yarinya," ta ce, "tabon nan ya girmi uwarki. Ni na yi shi. Ina da shekara goma sha huɗu, ina karatun jarrabawa, wannan ɗan banzan ya sa waƙar nan sau tara a jere. Na tashi na fizge allurar. Ya kwana biyu ba ya cin abinci. Babanmu ya yanke maɓalli daga rigarsa ta jirgi, ya ɗora a kan hannun allurar don ya danne ta, sai ta wuce. Tun ranar ba ya wuce wurin sai da maɓallin. Duk sallar duniya idan na zo gidan nan sai ya ɗauko shi daga makaranta ya sa mini waƙa ta uku, ya ce, 'Ni'mat, ga aikinki.' Shekara hamsin bai gaji ba. Ina maɓallin?"

Mamata ta dafe kai. "Wayyo ni. Ai na ɗinka wa babanta a kwat."

Mako uku babana yana zuwa aiki da maɓallin tagulla ɗaya a tsakiyar baƙaƙe, bai ko lura ba. Jiya muka yanke shi da reza. Ga shi nan a hannuna.

Abin da yake ƙoƙarin gaya mini ke nan a bakin ƙofa. Da na tsaya na ƙara sauraren kalma uku, da babu ƙarya, da babu makullai a kan tebur.

Na ce wa Tant abin da ya fi damuna shi ne ya tafi da ƙaryata. Ta ce: "Shekara talatin da biyar yana kallon jakunkunan 'yan mata. Kina tsammani bai san siffar faifansa a cikin jaka ba?" Ban sani ba ko ya gane. Ba zan taɓa sani ba. Amma ya dubi jakar, kuma ya tambaye ni waƙa ta uku.

Sannan ta ajiye kofinta, ta dube ni sosai.

"Tabon ba naki ba ne, 'yata. Amma kwana talatin da biyun Atiyat naki ne. A gaban mutane aka karɓi makullanta. A gaban mutane za ki faɗa."

"Tant, ba ni da murya."

"Ai shi ya sa ya ba ki faifan."

Saboda haka, Dada Atiyat, ina roƙon ki ki ajiye tiren nan ki saurare ni. Ba ki ɗauki komai ba. Ba ki yar da komai ba. Faifan yana wurina tun ranar Alhamis ɗin, kuma na ji lokacin da aka karɓi makullanki, na yi shiru, na ci gaba da shan alewarki. Ke ce kaɗai ba ki yi dariya ba a ranar, ke ce kika fara isa wurinsa, kuma ke muka bari da zargi. Ki yafe mini idan za ki iya. Idan ba yau ba, zan jira.

Abla Busaina, ban isa in gaya miki abin da za ki yi ba. Duk hukuncin da kika yanke a kaina na karɓa. Roƙona ɗaya ne: a mayar wa Dada makullanta a nan, kafin mutanen nan su watse.

Injiniya Tamir, wata guda kana zagaya kasuwar tsofaffin kaya kana neman abin da ke ƙarƙashin katifata. Ka yi haƙuri. Hajja Ni'mat, na gode da kika raba laifin da ni.

Tant Ulfat, ba mu da abin da za mu ce miki wanda zai cike gurbinsa. Muna so ki sani dai kina da 'ya'ya ɗari shida a wannan makarantar, ban da waɗanda suka fita. Idan rediyonki ya lalace, ki aiko. Ya koya mana gyara.

Ba mu gwada faifan ba jiya. Arba'in ba ta cika ba, ba a sa kiɗa a gidan. Don haka har yanzu ban sani ba ko gwajina shida da turaren kakata sun ƙara masa rauni, ko maɓallin zai iya danne allurar kamar da. Gobe bayan Juma'a za mu sani. Tant ta ce in zo, ta kuma ce in zo da Dada Atiyat idan ta yarda ta hau bene tare da ni. Na ce zan ɗora maɓallin tun farko, don kada mu ji tsallen. Ta ce a'a.

"Shekara talatin da uku ina gidansa," ta ce, "idan ya manta bai ɗora ba, ina kicin sai in ji mutumin nan ya maƙale, in ɗaga murya in ce, 'Wagdi, maɓalli.' Ki bari ya yi tsalle sau ɗaya. Ina so in kira shi, ko da ba zai amsa ba. Sannan ke ki tashi ki ɗora."

A madadin ɗalibai, ina gode wa manyan baƙi da suka ba mu lokacinsu, da Abla da malamanmu da suka shirya wannan taro, da iyalan Ustaz da suka ba mu aronsa shekara ashirin da takwas. Na gode da kuka yi shiru har muryata ta kai baya.

Ya Allah, ga bawanKa Wagdi ɗan Sarhan ya zo gare Ka ba tare da ya yi sallama da kowa ba. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sanya kowace Asabar da ya buɗe mana ƙofa, da kowane dutse da ya jera a cikin ruwa, a ma'aunin alherinsa. Ka ba matarsa da yayarsa da ɗansa haƙurin rashinsa. Ka yafe mana dariyarmu ta ranar. Ka saka wa Dada Atiyat da alheri a kan haƙurinta. Ni kuma, ya Allah, Ka isar masa da abin da na kasa faɗa a bakin ƙofa: Ustaz, yana cikin jakata, kuma na kai waƙa ta uku.

Amin. Mu karanta masa Fatiha.